Yadda ɗan Arewa zai karanci ilimin halittun teku ba tare da an sayar da gonar gado ba

Ina da shekara 21 na fara ganin teku da idona, lokacin da aikin koyon sana'a na wata shida ya kai ni Legas daga jami'armu ta Arewa, inda nake karatun ilimin dabbobi. Kafin nan, ruwa mafi girma da na sani shi ne na madatsar Tiga. Ranar farko na tsoma yatsa na lasa, don in tabbatar da abin da muka haddace a aji: gishiri kimanin giram 35 a kowace lita. Tun daga ranar aikina bai rabu da ruwa ba, kuma duk shekara idan lokacin cike fom na JAMB ya zo, sai a turo mini yaro ko yarinya mai son wannan karatu, iyayen kuma hankalinsu a tashe saboda kuɗi. Abin da nake gaya musu shi ne na rubuta a nan. Ginshiƙinsa ɗaya ne: digirin farko ka yi shi a inda aljihun gidanku zai iya ɗauka har ƙarshe, ka jiƙa hannunka a ruwan da ke kusa da kai, sannan ka nemi teku da kuɗin tallafi a digiri na biyu.

Mataki na farko: ka san aikin kafin ka so shi

Yawancin masu zuwa wurina sun ga bidiyon masu nutso cikin ruwa garai-garai, kifaye masu launi na kewaye da su. Ruwan gabarmu ba haka yake ba. Gabar tekun Najeriya ta kai kimanin kilomita 850, kuma mafi yawanta taɓo ne da fadamun gishiri da dazukan mangurof, itatuwan nan da ke tsaye kan saiwoyinsu cikin laka. Dajin mangurof na yankin Neja Delta shi ne mafi girma a Afirka. Wanda ya karanci halittun teku a nan zai shafe kwanakinsa yana ɗibar ruwa a kwalabe, yana tace laka da rariya don tsince tsutsotsi da dodon koɗi, yana auna tsawon kifi ɗari biyu ɗaya bayan ɗaya a bakin kwale-kwalen masunta tun da asuba, sannan ya zauna makonni a gaban madubin ƙara girma da kwamfuta. Ruwan teku a gabarmu yana cika ya janye sau biyu a rana, kuma lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50 kowace rana, saboda haka agogon aikinka na hannun ruwa. Idan ka ji wannan bayani zuciyarka ta ƙara karkata, to mu ci gaba.

Mataki na biyu: sakandare da JAMB

Kana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks. Kada ka raina lissafi don kana son dabbobi. Na ga ɗalibai masu ƙwaƙwalwa sun maƙale a aji uku saboda darasin ƙididdiga, alhali rabin aikin nan ƙididdiga ne.

A jarrabawar JAMB Turanci dole ne, sai bayoloji da kemistiri, na huɗun kuma yakan zama fiziks ko lissafi. Jami'o'i sun bambanta kan na huɗun, wasu kuma ba sa karɓar kiredit ɗin da aka haɗo daga zama biyu. Saboda haka ka buɗe kundin kwasa-kwasai da JAMB ke wallafawa a shafinta na intanet, ka karanta sharaɗin jami'ar da kake nema da idonka. Kada ka bar mai shagon cike fom ya zaɓar maka darussa. Shi sauri yake yi ya sallami layi, kai kuma shekararka ce za ta tafi.

Mataki na uku: hanyoyi uku, ka zaɓi wadda ta dace da gidanku

Hanya ta farko ita ce ka tafi Kudu kai tsaye. Jami'ar Legas da ke Akoka, a bakin tafkin Legas, tana da sashen kimiyyar teku, kuma sunan kwas ɗin a kundin JAMB shi ne Marine Biology. Jami'ar Kalaba ta daɗe da cibiyar nazarin teku. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure tana da sashen kimiyya da fasahar teku. Jami'ar Jihar Akwa Ibom ma tana koyar da halittun teku, sai dai jami'o'in jihohi kan caji wanda ba ɗan jiha ba fiye da ɗan gida. Ga abin da yaranmu da yawa ba su sani ba: jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku, kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka ayyana a matsayin waɗanda ke baya a ilimin boko. Mafi yawan jihohin Arewa suna cikin rukunin ƙarshen. Ɗan Jigawa ko Yobe ko Zamfara da ya nemi jami'ar tarayya a Kudu yana da ƙofar da ba kowa ke bi ta cikinta ba, kuma ba bara ba ce, tsari ne na ƙasa.

Hanya ta biyu, wadda ni na bi kuma nake ba mafi yawan mutane shawarar bi, ita ce ka karanci ilimin dabbobi ko bayoloji ko kiwon kifi a jami'ar da ke kusa da gida. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Maiduguri suna da sashen kifi. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana da sashen da ya haɗa albarkatun ruwa da kiwon kifi. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da tsohon sashen ilimin dabbobi. Ka lura da tsawon karatu: ilimin dabbobi da bayoloji shekara huɗu ne, kwas ɗin kifi da ke ƙarƙashin tsangayar aikin gona kuwa yakan kai shekara biyar, kuma shekara guda kuɗi ce.

Mutane na tsoron wannan hanya, suna ganin idan kalmar teku ba ta fito a jikin takardar digiri ba, an rufe musu ƙofa. Masu ɗaukar ɗalibai a digiri na biyu ba sunan kwas suka fi dubawa ba. Suna duba makinka, da darussan da ka yi, da aikin binciken da ka gudanar da hannunka. Yadda kifi ke numfashi, yadda iskar oksijin ke raguwa a ruwa idan ya yi ɗumi, yadda ƙananan halittun filankton ke ciyar da duk abin da ke sama da su, yadda ake ƙiyasta yawan kifi daga abin da masunta suka kamo, duk waɗannan ana koyonsu a tafkin Kainji kamar yadda ake koyonsu a tekun Atlantika. Ko dabbar ma wani lokaci ɗaya ce. Ayun da Sarkawa suka sani a kogin Kwara da Binuwai shi ne dai ayun da ke kiwo a fadamun bakin teku.

Hanya ta uku ta difloma ce. Akwai Kwalejin Tarayya ta Fasahar Kifin Ruwan Daɗi a New Bussa, jihar Neja, kusa da cibiyar binciken kifi ta ƙasa, NIFFR, wadda ta samo asali daga aikin binciken tafkin Kainji a 1968. Akwai takwararta ta Baga a jihar Borno. A Legas kuma akwai Kwalejin Tarayya ta Kifi da Fasahar Teku a Victoria Island. Shekara biyu ka samu ƙaramar difloma, idan sakamakonka ya yi kyau ka shiga jami'a daga aji biyu ta hanyar shiga kai tsaye. Hanyar ta fi tsawo, amma wanda ya bi ta yakan iso jami'a ya riga ya iya ƙyanƙyasar 'ya'yan tarwaɗa da haɗa abincin kifi, sana'ar da za ta iya ciyar da shi yana karatu.

Kowace hanya ka ɗauka, ka tabbatar hukumar NUC mai kula da jami'o'i ta amince da kwas ɗin a wannan jami'ar, idan kwaleji ce kuma hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha. Amincewa da jami'a daban, amincewa da kwas daban.

Mataki na huɗu: lissafin kuɗi na gaskiya

A nan ne gidaje ke yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe. Uba yakan tambayi kuɗin rajista kawai, ya ji ya yi masa daidai, ya ce Bismillah. Kuɗin rajista kuwa sau da yawa shi ne ƙaramin kaso. Ka samu takarda ka ja layi ga kowace makarantar da kake tunani, ka rubuta waɗannan a ƙarƙashinta: rajistar shekarar farko, wadda ta fi ta sauran shekaru saboda kuɗin karɓar gurbi, ɗakin kwana, abinci na wata tara ko goma, kuɗin mota zuwa gida da dawowa, kuɗin abin hawa na kullum idan a waje za ka zauna, kuɗin fita aikin fili da sashe ke karɓa, rigar ɗakin gwaji da takalmin ruwa, data, da kuɗin binciken shekarar ƙarshe. Sai ka ninka da yawan shekarun, ka ƙara shekara guda a kai.

Wannan ƙarin shekarar ba tsoratarwa ba ce. A 2020 yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ya kai wata tara, a 2022 kuma ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda ke zaune a gidansu ko gidan kawunsa ya yi asarar lokaci. Wanda ya kama haya a Legas ya yi asarar lokaci da kuɗin hayar shekara, don mai gida bai san yajin aiki ba. Sannan a 2023 jami'o'in tarayya da dama, har da ta Legas da ta Bayero, sun ninka kuɗaɗen da suke karɓa, kuma kwas mai ɗakin gwaji yakan fi wanda ba shi da shi tsada. Don haka kada ka yi lissafi da adadin da wani ya gaya maka bara. Ka duba na bana a shafin makarantar, ka kuma bar sarari don ƙari.

Ɗakin kwana shi ne abin da ke raba mai araha da mai tsada. Gadajen hostal a manyan jami'o'i ba sa isar ɗalibai, musamman a Legas, kuma haya a kewayen Akoka da Yaba tana iya cinye abin da ya fi kuɗin makaranta nesa ba kusa ba. Tsakanin Kano da Legas kimanin kilomita 1,000 ne. Idan za ka zo gida sallah biyu da hutun zango, ka lissafa tafiya shida ko takwas a shekara. Kafin ka zaɓi Kudu, a tambaya cikin dangi: akwai ɗan uwa a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12? Akwai wanda aka sani a Bogobiri ta Kalaba? Zaman gidan ɗan uwa yana da nasa haƙuri, kuma wajibi ne a yi maganar a fili tun farko, wata nawa, wa zai ciyar, amma ya sha ceton karatun yara.

Ga tambayar da nake so kowane uba ya yi wa kansa: idan damina ɗaya ta ƙi, ko kasuwa ta tsaya wata shida, yaron nan zai iya ci gaba? Idan amsar a'a ce ga makarantar nesa, e ce ga ta kusa, to an gama zaɓi. Digirin da aka kammala a Dutse ya fi wanda aka bari a aji uku a bakin teku.

Sai hanyoyin samun taimako. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND ya fara aiki a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, yana kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata idan ya nema. Babu kuɗin ruwa a kansa, abin da ya kwantar da hankalin iyaye da yawa a wajenmu, kuma ana fara biya ne shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa. Za a nemi lambar JAMB da NIN da BVN, don haka ka tabbatar sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a dukkansu, domin harafi ɗaya na iya riƙe ka watanni. Amma bashi bashi ne, ka karɓi abin da kake buƙata kawai. Ka kuma yi rajista da hukumar tallafin karatu ta jiharku da ta tarayya. Kuɗinsu kan makara, saboda haka ka ɗauke shi a matsayin ƙari, kada ka gina kasafinka a kansa.

Mataki na biyar: ka leƙa sashen kafin ka sa hannu

Ƙofar jami'a mai kyau ba ta koyar da kowa. Idan da hali ka je sashen da ƙafarka, idan babu ka nemi ɗalibin aji uku ko huɗu ta waya. Ka tambaye shi: sau nawa kuka fita aikin fili bara, kuma ina kuka je? Madubin ƙara girma nawa ne ke aiki, mutum nawa ke layi a kan kowanne? Akwai tafkunan kifi ko wurin ƙyanƙyasa da ɗalibai ke taɓawa? Na'urar auna oksijin tana aiki ko a kabad take? Sannan ka rubuta sunayen malaman sashen a Google Scholar ka ga ko suna wallafa bincike a 'yan shekarun nan, kuma a kan wane ruwa.

Na nace kan wannan ne saboda abin da ya same ni. A shekarar ƙarshe na ɗebo ruwa daga wurare shida na tsawon wata uku, na kawo don a auna sinadaran cikinsa, sai aka ce mini maganin gwajin ya ƙare tun zangon da ya wuce. Na kai samfurin wani ɗakin gwaji a wani gari da kuɗin da mahaifiyata ta sayar da tumaki biyu ta ba ni, rabin kwalaben kuma sun riga sun lalace saboda rashin wuta a firji. Da na yi tambaya tun ina aji biyu, da na zaɓi binciken da kayan aikinsa ke ƙasa.

Mataki na shida: abin da za ka koya wa kanka, kusan kyauta

Ka koyi iyo. A wurin da ke da mai koyarwa da mai ceto za ka koya, ba a kududdufi ko bakin dam kai kaɗai ba, domin banda haɗarin nutsewa akwai tsargiya a ruwan da ke kwance. Ma'aunin da za ka sa a gaba shi ne wanda masu ba da shaidar nutso ta PADI ke nema: iyo na mita 200 ba tsayawa, da zama a saman ruwa minti 10. Ita kanta shaidar nutson tana da tsada, kuma yawancin ayyukan gabarmu ba sa buƙatarta, don haka ka bar ta sai wani shiri ya biya maka. Rigar kariya kuwa ko ka iya iyo kamar kifi, kada ka hau kwale-kwale babu ita.

Ka fara littafin fili tun kana aji ɗaya. Ka yanko faifan katako ko murfin bokiti mai faɗin santimita 20, ka raba shi gida huɗu, ka shafa fari da baƙi a jere, ka ɗaura masa nauyi a ƙasa da igiya mai alamar santimita. Wannan shi ne faifan Secchi da masana ke auna hasken ruwa da shi a duk duniya. Ka zura shi a hankali har ya ɓace wa idonka, ka rubuta zurfin. Ka jawo shi har ya sake bayyana, ka rubuta. Ka ɗauki tsakiyar biyun. Ka yi haka a wuri ɗaya, lokaci ɗaya, kowane mako, a Tiga ko Zobe ko Goronyo ko Dadin Kowa, duk wanda ke kusa da kai. Bayan shekara za ka ga da idonka yadda ruwan ke gurɓacewa da damina ya kuma washe da rani, kuma kana da bayanan da babu wanda ke da su sai kai.

Ka je bakin ruwa wurin da masunta ke sauke kamu. Ka fara gaida Sarkin Ruwa, ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka, kada ka fito da ma'auni kafin a ba ka izini. Da ƙaramin sikeli da rula za ka auna karfasa da tarwaɗa da kurungu da bargi. Akwai lissafi mai sauƙi na gane ƙibar kifi: ka ninka nauyinsa na giram da 100, ka raba da tsawonsa na santimita da aka ninka da kansa sau uku. Karfasa mai giram 160 da tsawon santimita 20 za ta ba ka 16,000 a raba da 8,000, wato 2. Idan ka tara irin wannan na watanni, za ka fara ganin lokacin da kifi ke ƙiba da lokacin da yake ramewa. Ka kuma saurari dattawan wurin. Wani tsoho a bakin ruwa ya taɓa nuna mini bambancin tarwaɗa da ramboshi ta hanyar shafa bayan kifin da yatsa, inda ƙayar bayan ramboshi ke yankewa sai tsokar kitse ta biyo. Na karanta wannan a littafi sau uku bai zauna ba, a hannunsa ya zauna nan take. Ka rubuta sunan Hausa da sunan kimiyya gefe da gefe, ka tabbatar da na kimiyyar a shafin FishBase.

Sai kwamfuta. Ko tsohuwa ce ta wadatar. Ka ƙware a Excel, sannan ka koyi manhajar R ta ƙididdiga da QGIS ta zana taswira, dukkansu biyun kyauta ne. Shirin OceanTeacher na hukumar UNESCO yana ba da darussan kimiyyar teku ta intanet. A ganina, ɗalibin Gashuwa da ya iya R ya fi ɗalibin bakin teku da bai iya ba kusa da samun gurbin digiri na biyu. Turancin rubutu ma ka gyara shi, ka riƙa karanta takardar bincike guda a mako kana taƙaita ta a shafi ɗaya. Idan ka samu damar Faransanci ka ɗauka, domin daga Kwatano har Dakar da dama daga maƙwabtanmu na gabar teku da shi suke aiki. 'Yan uwanmu na Nijar sun riga mu a nan.

Mataki na bakwai: SIWES ita ce gadarka zuwa teku

Aikin koyon sana'a na SIWES, wanda asusun horar da ma'aikata na ITF ke kula da shi, yakan zo a aji uku ko huɗu, kuma a kwasa-kwasan kimiyya da yawa wata shida ne. Wanda ya yi karatu a Arewa, a nan ne zai kashe kuɗin da ya tara. Zaman wata shida a Legas abu ne da gida zai iya ɗauka ko da ba zai iya ɗaukar shekara huɗu ba. Wurin da ya fi dacewa shi ne Cibiyar Nazarin Teku ta Najeriya, NIOMR, da ke Victoria Island, wadda aka kafa a 1975. Ka rubuta takardar neman gurbi tun da sauran wata shida, da wasiƙar sashenku a haɗe, domin masu nema suna da yawa. Idan ba a samu ba, akwai kamfanonin da ke nazarin tasirin ayyuka ga muhalli a Legas da Fatakwal, akwai kuma NIFFR a New Bussa.

Idan ka shiga, kada ka zama mai sa hannu a rajista ya tafi. Ka wanke kwalabe, ka ɗauki akwatin ƙanƙara, ka nemi a tafi da kai fili. Kafin ka bar wurin ka tabbatar akwai mai bincike ɗaya da ya san sunanka da aikinka, wanda zai iya rubuta maka wasiƙar shaida bayan shekara biyu. Idan da hali ka roƙi ya taimaka maka da batun binciken shekarar ƙarshe.

Ke kuma ƙanwata mai son wannan fanni, akwai mata da yawa a cikinsa, a ɗakunan gwaji da ajujuwa da fili. Abin da yakan tsayar da iyaye shi ne masauki da tafiya. Ki warware musu wannan da shiri a hannu: ga gidan da za ki zauna, ga wadda za ku tafi tare, ga lambar malamar da ke kula da ku. Akwai kayan iyo masu rufe jiki gaba ɗaya, kuma hijabi gajere da ba ya kama igiya ko injin jirgi ya fi aminci a kan ruwa.

Mataki na takwas: maki, da digiri na biyu

Duk tsarin nan ya rataya ne a kan maki. A ma'aunin maki biyar, daraja ta biyu mai girma tana farawa daga 3.50, daraja ta ɗaya daga 4.50. Mafi yawan tallafin karatu na waje ba sa duba wanda ya gaza 3.50, kuma makin aji ɗaya ne ya fi wuyar gyarawa idan ya faɗi. Ka riƙe shi tun zangon farko.

Tun kana aji huɗu ka fara tara takardu: fasfo, cikakken sakamakon jami'a, wasiƙun shaida biyu ko uku. Jami'ar KAUST da ke Thuwal, a gabar Bahar Maliya arewa da Jidda, tana bincike mai zurfi kan murjani da halittun teku, kuma ɗaliban da ta ɗauka a digiri na biyu da na uku tana ɗauke musu kuɗin karatu da masauki, ta ba su alawus. A Turai akwai tallafin Erasmus Mundus, akwai shirin IMBRSea na albarkatun halittun teku da Jami'ar Ghent ta Beljiyam ke jagoranta, akwai DAAD ta Jamus da tallafin Commonwealth na Ingila. Kusa da gida, Jami'ar Cape Coast ta Ghana tana da cibiyar nazarin gabar teku da ke ɗaukar ɗaliban yankin, shirin WASCAL na nazarin sauyin yanayi a Afirka ta Yamma kuma yana da digiri na biyu kan sauyin yanayi da kimiyyar teku a tsibirin Kef Bad. A cikin gida, Legas da Kalaba suna karɓar masu digirin ilimin dabbobi da na kifi. Sharuɗɗa da ranakun rufewa suna canjawa duk shekara, don haka shafin shirin kansa za ka bi. Duk wanda ya ce ka biya shi ya samo maka tallafi, ka riƙe kuɗinka.

Mataki na tara: inda aikin yake

Guraben bincike zalla kaɗan ne, gara ka sani tun yanzu. Akwai cibiyoyin bincike da jami'o'i. Akwai hukumomi irin su NIMASA mai kula da sufurin teku, da NOSDRA mai bin diddigin malalar mai, da NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da aikin HYPREP na tsabtace ƙasar Ogoni wanda ya biyo bayan rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011. A 2023 an kafa ma'aikatar tarayya ta harkokin teku da tattalin arzikinsa. Kamfanonin nazarin muhalli suna ɗaukar wanda ya iya ɗibar samfuri da tantance halittun cikin laka da rubuta rahoto, kuma da yawa daga abokan karatuna ta nan suka fara. Kiwon kifi kuma yana nan, tunda har yau kifin da ƙasar nan ke samarwa bai kai rabin wanda take buƙata ba.

Shekarar bautar ƙasa ma ka sa ta cikin shiri. Idan aka tura ka jihar bakin teku, Legas ko Ondo ko Delta ko Bayelsa ko Ribas ko Akwa Ibom ko Kuros Riba, kada ka yi gaggawar neman a dawo da kai gida. Kafin ka fita daga sansanin horo ka je ko ka aika wa cibiyar bincike, ko sashen kifi na ma'aikatar gona ta jihar, ko kamfanin muhalli, ka nemi su rubuta wasiƙar neman a turo musu kai. Ka tafi da littafin filinka da kwafin bincikenka na shekarar ƙarshe a jaka, domin su za ka ajiye a kan teburin wanda zai sa hannu a wasiƙar.